Fashin baƙi: Me ya sa ake kai jiragen samanmu gyara ƙasashen waje, kuma wa ke biyan kuɗin?

Tambaya biyu ce ke fitowa daga bakin mutane duk sa'ad da aka soke tashin jirgi a Kano ko Abuja, aka ce wa fasinjoji ya samu matsalar na'ura. Ta farko, anya jiragen nan ba tsofaffin da Turawa suka gama cin moriyarsu ba ne aka kwaso mana? Ta biyu, in ma gyaran ne, me ya hana a yi shi a gida, sai an ɗauki jirgi sukutum an kai Habasha ko Jodan ko Turai ya share makonni, wani lokaci watanni? Zancen ya sake tasowa a watan Satumba na 2025, da kamfanin Air Peace ya aza harsashin babbar cibiyar gyaran jirage a filin jirgin Murtala Muhammed na Legas, har wasu suka fara cewa fita waje ta zo ƙarshe. Tambayoyin duka suna kan hanya, sai dai amsar da ake ba su a majalisa da kafafen sada zumunta takan kauce wa inda gizo ke saƙa.

Gyaran da ba ya jiran lalacewa

Mai mota a wurinmu yakan nufi gareji ne idan ya ji ƙara a ƙasan mota ko ya ga hayaƙi ya canza launi. Wanda ya ɗauki wannan tunani ya ɗora wa jirgin sama, duk abin da zai biyo baya ba zai fahimce shi ba. Mota in ta tsaya sai a tura ta gefen titi. Jirgi kuwa ba shi da gefen titi, don haka aka gina harkar kula da shi kan cewa a cire abu tun yana da lafiya, a duba wuri tun bai nuna alamar komai ba.

Ma'auni uku ake bi wajen ƙidayar rayuwar jirgi. Akwai awannin da ya yi a sama. Akwai sawu, wato tashi ɗaya da sauka ɗaya. Sai kuma kwanakin kalanda, ko ya tashi ko yana ajiye. Kamfanin da ya ƙera jirgin, Boeing ne ko Airbus ko Embraer, shi ke fitar da kundin da ya jera dubban ayyuka da wa'adin kowanne. Kamfanin sufuri ya tsara jadawalinsa daga wannan kundi, hukumar ƙasa ta sa hannu. A Najeriya hukumar ita ce NCAA. Duk ma'aunin da ya riga cika a cikin ukun nan, shi ake bi.

Mataki na ƙasa shi ne duban da ake yi a filin jirgi kullum. Wanda ya taɓa leƙawa ta taga kafin tashi ya ga mutum sanye da riga mai ƙyalli yana zagaya jirgin da tocila a hannu. Yana duba tayoyi ko sun side ko sun yanke, yana kallon ɗan ƙarfen da ke nuna ragowar birki, yana haska fukafukan gaban inji ko tsuntsu ya bar tabo, yana neman ɗigon mai a ƙarƙashin fiffike. Akwai wasu 'yan siraran bututu kusa da hancin jirgi da ke auna gudu, waɗanda ake rufewa da marfi mai jan ƙyalle idan jirgi zai jima a ajiye. Dalilin marfin ba wasa ba ne. A watan Fabrairu na 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Ɗaya daga cikin bututun ya toshe, agogon gudun ya yi wa matuƙi ƙarya, kuma abin da masu bincike suka fi zargi shi ne zanzaro ya yi ɗaki a ciki lokacin da jirgin ke ajiye. Zanzaron nan dai da muke gani yana gini a kusurwar ɗaki.

Sama da wannan akwai manyan dubawa da aka saba kira da haruffa. Duban A yana zuwa bayan 'yan ɗaruruwan awannin tashi, kuma yawanci dare ɗaya ake kammala shi: canza matatai, sa giris, gwada na'urori. Duban B ya kusa ɓacewa, an rarraba ayyukansa cikin na A. Duban C ne ke fitar da jirgi daga aiki gaba ɗaya, kusan duk bayan wata 18 zuwa shekara biyu, a shigar da shi rumfa a buɗe ɗaruruwan ƙofofin jikinsa, ya yi makonni. Duban D kuwa, mai zuwa bayan shekara shida zuwa goma, kusan warware jirgin ake yi. A kwashe kujeru, a ɗaga daɓe, a fitar da banɗakuna da ɗakin girki, sau da yawa har fenti a kankare, a bar gangar jikin tsirara. Ƙarƙashin banɗaki da wurin dafa shayi nan aka fi samun tsatsa, saboda ruwan da ke tsiyaya shekara da shekaru. Tsagewar da ido ba ya gani kuma da na'urar sauti ko ta maganaɗisu ake farautarta. Aiki ne na dubun dubatar awannin ma'aikata, kuma da yawan jirage a nan rayuwarsu ke ƙarewa, idan mai shi ya lissafa ya ga kuɗin duban ya fi ƙimar jirgin.

Duka wannan, haɗe da gyaran inji da na sassa irin su ƙafafun sauka da na'urorin lantarki, shi ne masana'antar da ake taƙaita sunanta da MRO. A duniya kuɗin da ke zagayawa cikinta ya haura dala biliyan 100 a shekara.

Inji: inda kuɗin yake

Jama'a sun fi ganin rumfa da jirgi a ciki, amma kusan rabin abin da ake kashewa a wannan harka inji ke cinye shi. Injin jet yana aiki a zafin da ya zarce wanda ke narkar da ƙarfen da aka yi wasu sassansa, abin da ke hana su narkewa shi ne iska mai sanyi da ke bi ta wasu ƙananan ramuka a jikin fukafukan. Ƙura tana toshe ramukan nan, tana kuma goge bakin fukafukai. Shi ya sa injin da ke shaƙar ƙurar hunturu a Kano da Maiduguri da Yamai yake saurin gajiya fiye da ɗan'uwansa da ke aiki a arewacin Turai. A Legas da Fatakwal kuma damuwar ta laima ce da iskar gishiri, masu haifar da tsatsa.

Ba sai an sauke inji ake leƙa cikinsa ba. Ana zura wata siririyar kyamara mai lanƙwasa ta wasu ƙofofi da aka tanada, injiniya yana juya injin a hankali yana kallon fukafukai ɗaya bayan ɗaya a allo. Idan ya ga ƙuna ko tsaga da ta wuce iyakar da kundi ya yarda, sai a sauke injin a tura masana'anta. A cikinsa akwai faya-fayan ƙarfe masu juyawa da aka yanke wa adadin sawu. Ranar da adadin ya cika, ko da faifan yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, cire shi ake yi a lalata don kada ya sake shiga kasuwa. Cikakken garambawul ɗin inji ɗaya na jirgi irin Boeing 737 miliyoyin daloli ne.

Tun 2023 wannan fanni yake cikin cunkoso. A watan Yuli na shekarar kamfanin Pratt & Whitney ya sanar cewa an samu gurɓataccen garin ƙarfe a wasu sassan sababbin injinansa da ke kan jiragen Airbus A320neo, dole a sauke ɗaruruwansu a bincika. Ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa, sababbi fil, suna jiran layi. Da sababbi suka zauna, kuma Boeing da Airbus suka kasa miƙa jirage a kan lokaci, sai kamfanoni suka ci gaba da riƙe tsofaffin da suka yi niyyar sallama. Tsofaffin suka cika masana'antun gyara, kayan gyara suka yi tsada. Ƙaramin kamfani daga Afirka ta Yamma mai inji biyu a hannu, a bayan mai inji ɗari biyu zai tsaya.

Takarda da sa hannu

Wani abin da na ga mutane suna mamakinsa shi ne darajar takarda a wannan sana'a. Kowane sashe da za a ɗaura wa jirgi yana tafe da shaidar inda aka ƙera shi, awannin da ya yi, da wanda ya gyara shi na ƙarshe. Sashen da ba shi da takarda, komai kyansa, ba ya hawa jirgi. Jirgin da kundin tarihinsa ya ɓata kuwa farashinsa faɗuwa yake yi warwas, don babu mai iya rantsuwa kan abin da aka yi masa. Kowane aiki sai injiniya mai lasisi a kan wannan nau'in jirgin ya sa hannu, kuma abin da ya shafi igiyoyi da na'urorin sarrafa jirgi sai mutum na biyu ya sake dubawa da kansa. Hatta sifana da sukuddireba suna da gurbinsu a akwati. In aka tashi aiki aka ga gurbi ɗaya babu komai, jirgin ba zai motsa ba sai an gano inda abin ya shiga.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A rumfar jirgi ba a karɓar ƙimar ido. A watan Yuni na 1990 wani ma'aikacin dare a Ingila ya canza gilashin gaban wani jirgin British Airways, ya zaɓi ƙusoshin ɗaurewa ta hanyar gwada su da ido maimakon duba kundi. A cikin 90, guda 84 sun gaza kaurin da ake bukata da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Da jirgin ya haura ƙafa 17,000 gilashin ya fice, iska ta zuƙe kyaftin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Darajar takarda ce kuma ta sa 'yan damfara ke neman ta. A 2023 aka bankaɗo wani kamfani a Landan mai suna AOG Technics yana sayar da sassan inji samfurin CFM56 da takardun jabu. Injin nan shi ne kan yawancin Boeing 737 da ke yawo a sararin Najeriya da ma duniya. Manyan kamfanonin Amurka da Turai sai da suka sauke injina suka ciro sassan. Ke nan kai jirgi Turai shi kaɗai ba ya wanke shi.

To, tsufan jirgi fa?

Gaskiya ne da yawan jiragen da ke jigila a cikin gida an yi amfani da su a wasu ƙasashe kafin su zo. Bayan hatsarin jirgin kamfanin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, gwamnati ta dakatar da jirage samfurin BAC 1-11, ta kuma hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Amma shekaru su kaɗai ba sa faɗin lafiyar jirgi. A Amurka akwai manyan kamfanoni da ke ɗaukar fasinja da jiragen da suka kai shekara 30. Jirgi mai shekara 20 da aka kula da shi, injinansa da ƙafafunsa da yawancin na'urorinsa an sauya su ko an sabunta su ba sau ɗaya ba.

Abin da ke tsufa da gaske shi ne gangar jiki, kuma sawu ne ke tsufar da ita. Duk tashi sai an cika cikin jirgi da iska don fasinja ya iya numfashi, jikin ya ɗan kumbura, a sauka ya koma. Dubban maimaici ke haifar da 'yan tsage-tsage a gefen ƙusoshi. A watan Afrilu na 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sama, yana ƙafa 24,000 a kan tsibiran Hawaii, iska ta tafi da ma'aikaciya ɗaya. Shekarunsa 19 kacal, amma ya yi sawu kusan 90,000 saboda gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibirai, cikin iskar teku. Daga nan aka tsaurara dokokin binciken tsofaffin jirage a duniya.

Illar tsohon jirgi ta fi bayyana a aljihu. Yana shan mai da yawa, yana yawan neman duba, kayansa suna wahalar samu. Kamfanin da ke da kuɗi da gaskiya zai iya riƙe shi lafiya. Wanda kuɗi suka yanke masa, a nan jarrabawar take.

Jidda, 1991

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. An yi niyyar canza tayoyi, aka fasa saboda jigila ta makara. Bincike ya kuma gano an taɓa alƙaluman da aka rubuta na awon iskar. A safiyar tashin, makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ce a tafi haka.

Jirgin yana cikin gudu a kan titi taya ɗaya ta fashe, ta kusa da ita ta bi. Ƙarfen wili ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka tashi, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi, wato suka shigar da wutar wurin da bututun mai da wayoyi suke. Sun juyo don su sauka, ba su kai titi ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mun yarda kowa da ranarsa, kuma tawakkali bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Abin da ya sa nake dawo da wannan labari mai ciwo shi ne ba ƙarancin ilimi ya jawo shi ba, ba kuma wata na'ura mai wuyar ganewa ba. An san matsalar, an san maganinta, gaggawa ce ta rinjayi mai sifana. Duk tsarin lasisi da sa hannu da na ambata an kafa shi ne don injiniya ya iya cewa a'a, maganarsa ta zauna ko da manaja na tsaye a kansa.

Me ya hana a yi a gida?

Ana yin wani abu. Duban yau da kullum da duban A a gida ake yinsu. Kamfanin Aero Contractors, wanda ke aiki tun 1959, ya kammala duban C na farko a kan Boeing 737 a rumfarsa ta Legas a farkon 2018, ya kuma ci gaba da yi wa wasu kamfanoni. Gwamnatin Akwa Ibom ta gina babbar rumfa a filin jirgin Uyo. Akwai kuma masu kula da ƙananan jiragen attajirai. Sai dai abin da ake iyawa bai kai abin da ake bukata ba, kuma babban garambawul ɗin inji har yanzu sai waje. Kafa babbar cibiya ta ƙasa yana cikin jadawalin da ƙaramin ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ya gabatar a 2016, gwamnatinsu ta sauka a 2023 cibiyar ba ta tabbata ba.

Ginin rumfa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Izini ake bayarwa nau'i-nau'i: cibiyar da aka amince ta buɗe Boeing 737 ba ta da ikon taɓa Embraer sai ta tanadi kayan aikinsa, kundayensa da injiniyoyin da suka yi kwas a kansa. To jiragen Najeriya ba su da yawa, ga su kuma gauraye: 737 tsoho da sabo, Embraer iri-iri, CRJ, Airbus A220 da A320, ATR, Dash 8, Boeing 777. Kowane nau'i 'yan ƙalilan ne, ba su isa su riƙe layin aiki shekara guda cur ba. Habasha ta yi nisa a wannan harka ne domin kamfanin jiragenta na da jirage sama da 100 da ke ciyar da cibiyarsa ta Adis Ababa da aiki, kuma tun shekarun 1950 suke tara gwaninta. Masar da Afirka ta Kudu ma a kan kamfanonin ƙasa suka gina nasu, Maroko kuma ta jawo kamfanin Safran na Faransa ya kafa masana'antar inji a Kasabalanka. Mu kuwa da Nigeria Airways ya durƙushe a farkon shekarun 2000, injiniyoyinsa watsewa suka yi.

Akwai kuma masu jiragen. Da yawan jiragen da muke hawa haya ne, mallakar kamfanonin Ayalan ko Amurka, kuma sukan shar'anta cewa babban gyara sai a cibiyar da hukumar Turai ko ta Amurka ta amince da ita, don jirgin ya riƙe darajarsa ranar da za a mayar. Samun wannan amincewa yana ɗaukar shekaru da bincike mai tsanani. Ga kwastan: dokar kuɗi ta 2020 ta yafe haraji kan jirage da kayan gyaransu, amma kamfanoni suna ci gaba da kukan jinkiri wajen fito da kaya. Jirgin da ke zaune yana jiran wani ɗan bawul da ya maƙale a tashar kaya, hayarsa da inshorarsa da albashin ma'aikatansa duk suna tafiya.

Mafi wuya shi ne mutane. Kwalejin sufurin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin jirage, amma takardar makaranta mafari ce kawai. Sai matashi ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin wani, ya ci jarrabawar lasisi, ya yi kwas ɗin nau'in jirgi, kafin sa hannunsa ya saki jirgi. Da ya kai nan kuma, kamfanonin ƙasashen Larabawa na Gulf suna jiransa da albashin dala.

Wa ke biya?

Fasinja. Kamfani yana sayar da tikiti da naira, yana biyan gyara da dala. Duban C ɗaya kan ci daga ɗaruruwan dubban daloli zuwa sama da miliyan, gwargwadon abin da aka tarar bayan an buɗe. Kafin watan Yuni na 2023, a farashin gwamnati na kusan naira 460, dala miliyan ɗaya naira miliyan 460 ce. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, aiki iri ɗaya ya koma naira biliyan ɗaya da rabi. Ƙara da man da jirgin zai sha ya je ya dawo babu fasinja ko ɗaya, da kuɗin izinin ratsa sararin ƙasashe, da masaukin matuƙa. An sha samun jiragen da aka gama gyaransu suka zauna a waje saboda ba a samu dalar fanso su ba.

Kamfani mai jirage shida, in biyu suna waje, jadawalinsa ya rushe. Jirgi ɗaya ne zai yi Legas, Abuja, Kano, Yola, ya dawo, don haka tsuntsu ɗaya da ya shiga inji da safe zai hana mutanen gari huɗu tafiya. Domin cike giɓi sai a yi hayar jirgi da matuƙansa daga Gabashin Turai, nan ma da dala. Garuruwan da fasinjansu bai kai na Legas da Abuja ba, irin su Sakkwato da Katsina da Gombe, su ake fara yanke wa sawu. Lokacin bukukuwan ƙarshen shekara da Sallah kuma kujeru su yi ƙaranci, farashi ya tashi.

Kamfanoni suna da nasu ƙorafin. Sun daɗe suna cewa wa'adin wata 18 na duban C yana riskarsu tun jiragensu ba su ci awannin da suka dace ba, domin filaye da dama ba sa aiki bayan faɗuwar rana, jirginmu ba ya tashi kamar na Turai. Masu kare wa'adin suna cewa tsatsa da zafi da ƙura ba sa jiran awannin tashi. A nawa ganin, muddin ba a kai matsayin da za a amince da kundin kowane kamfani ido rufe ba, sassauta wa'adi ba shi ne wurin da ya kamata a fara neman sauƙi ba. Hukumar ma ta nuna tana iya cizawa: ta dakatar da jiragen 737 na Azman a 2021, na Max Air a 2023, bayan wasu matsaloli da suka biyo juna, har sai da aka yi musu bincike.

Ga fasinjan da ke zaune a ɗakin jira, yana da kyau ya san cewa ba kowace matsala ke hana tashi ba. Kowane jirgi yana da jerin abubuwan da doka ta yarda a tashi ba tare da su ba na ɗan wa'adi, saboda akwai na biyu ko na uku da ke aiki. Idan har an ce ba za a tashi ba, to abin ya fita daga wannan jeri, wani ya ƙi sa hannu. Fushin fasinja yana da muhalli: a kan ɓoye masa gaskiya, a kan barinsa awa shida babu ruwa babu bayani, a kan riƙe masa kuɗi, kuma dokokin NCAA sun ba shi haƙƙi a duka waɗannan. Amma masu taruwa a ƙofar fita suna ihun sai an tashi, da manyan mutanen da ke buga waya a matsa wa kamfani, suna tura hannu ne wurin da bai kamata kowa ya taɓa ba.

Idan an buɗe sababbin cibiyoyin

Za a samu sauƙi, amma ba irin wanda ake zato ba. Kuɗin ƙwadago zai koma naira, tafiyar banza zuwa waje za ta ragu, jirgi zai dawo aiki da wuri, matasa za su samu wurin koyon aiki a kan jirgi na gaske. Kayan gyara kuwa daga waje za su ci gaba da zuwa, da dala. Inji, wanda shi ya fi cin kuɗi, zai ci gaba da fita har sai an samu mai ƙera inji da ya yarda ya kafa masana'anta a nan. Wanda ke jiran tikitin Kano zuwa Legas ya faɗo rabi saboda an gina rumfa, zai jima yana jira.

Ana kuma muhawara kan wa ya dace ya mallaki cibiyar. Masu son ta gwamnati suna cewa jarin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa, ribar kuma tana da nisa. Masu adawa suna nuna tarihin kamfanonin gwamnati a ƙasar nan. Cibiyar da kamfanin sufuri ya mallaka ita ma da ayar tambaya a kanta, domin abokin gasa zai yi tunanin jirgin wa za a fara gamawa idan aiki ya cunkushe. Lufthansa Technik a Jamus da Turkish Technic a Turkiyya sun nuna ana iya yi, amma sai da aka ware su suka zama kamfanoni masu cin gashin kansu, masu neman abokan ciniki daga ko'ina. Kasuwar ma ba ta tsaya a Najeriya ba. Gana da Nijar da Kamaru da Chadi da Togo duk suna fitar da jiragensu, kuma cibiyar da ke son ta rayu sai ta jawo su.

Ranar yanke ƙyalle za a faɗi faɗin rumfar da yawan jiragen da za ta ɗauka a lokaci guda. 'Yan jarida su tambayi waɗanne nau'o'in jirage aka ba ta izinin buɗewa, ko hukumar Turai ko ta Amurka ta amince da ita, kwana nawa kaya ke yi daga saukarsu a tashar kaya zuwa hannun makanike, da kuma injiniyoyi 'yan ƙasa nawa ne a ciki waɗanda sa hannunsu ke sakin jirgi.